Babban Yatsan Surukata

Ba zan taɓa mantawa da babban yatsan surukata na hannun dama ba. Ina kuma da tabbacin ita ma ba ta manta da goshina ba, ko da yake har yau babu wanda ya taɓa tayar da zancen a tsakaninmu. Ta ina ma za mu tayar? Shekara da shekaru ina auren 'yarta, amma in tsautsayi ya haɗa mu a zaure, ni in durƙusa in kalli ƙasa, ita ta kalli bango, mu gaisa a gurguje kowa ya kama gabansa. Yau dai na ce bari in ba da labarin da bakina, tunda ƙannen matata sun daɗe suna ba da shi da nasu, kuma kullum sai sun ƙara masa gishiri.

A lokacin ina saurayi, na gama karatu ina zaune a Garwa, ba aikin fari bare na baƙi, sai shan shayi a majalisa da gardamar ƙwallo. Sai Allah ya sa aka ɗauke ni aikin wucin gadi a ofishin da ke yi wa masu zaɓe rajista. Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Za a haɗa ku ku biyu, a ba ku wani akwati mai nauyi, a cikinsa akwai kwamfuta da kyamara da wani ɗan gilashi mai haske da ake ɗora yatsu a kai. Mu "kit" muke ce masa. Ku ɗauka ku shiga unguwa, ku kafa tebur a gindin bishiya, mutum ya zo da katin shaidarsa, ku rubuta sunansa, ku ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ku ba shi 'yar takardar da zai zo da ita karɓar katin zaɓe. Shi ke nan fa. Amma a kan wannan shi ke nan ɗin sai aka haɗa mana da falmaran mai tambari a ƙirji, da baji mai hotona da ake ratayawa a wuya. Falmaran ɗin nan ita ta kai ni ta baro.

Ranar da aka ba ni ita, na shiga ɗaki na sa, na tsaya gaban madubi na ɗaure fuska, na daka wa madubin tsawa: "Suivant!" (Wato na gaba, da Faransanci, harshen ofis a nan Kamaru.) Mahaifiyata ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Kai kuma da wa?" Na ce atisaye nake yi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta koma kan girkinta. Ko amin ban ce ba.

To, a daidai wannan lokacin ne maganar aurena da Ramlatu take lilo, ba ta sama ba ta ƙasa. Ramlatu 'yar wani Alhaji ce mai shagon atamfa a babbar kasuwa, irin gidajen nan na Hausawan da kakanninsu suka zo fatauci daga Kano suka zauna. Gidansu yana unguwar Pumpumre. Manyana sun kai gaisuwa, an karɓi goro, saura a sa rana, sai maganar ta tsaya cak. Da Kawuna ya je jin dalili, Alhaji ya ce masa shi kam ya ba ni, amma uwar yarinya ta ce a ɗan saurara, tana so ta ga kamun ludayina tukuna, don ta ji an ce 'yan bokon yanzu akwai rawar kai. A gidan nan kuwa, in Hajiya ta ce a saurara, Alhaji ma saurarawa yake yi. Ga kuma wani ɗan 'yar'uwarta mai tuƙa babbar mota tsakanin Garwa da Ngaundere, wanda duk dawowarsa sai ya sauke musu doya a ƙofar gida, kuma ba don yana son Alhaji ya ƙoshi ba ne. Ke nan aurena gaba ɗaya yana hannun Hajiya. Ni kuma ina son Ramlatu irin son da ke hana mutum cin abinci (to, rage ci dai, kada in yi ƙarya).

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ni ban taɓa ganin fuskar Hajiya ba. Wanda bai san mu ba zai yi mamaki, amma haka muke. Zance a zaure nake yinsa, ba na wuce nan. Ranar da aka shigar da ni in gaishe ta, tana cikin ɗaki bayan labule, ni ina tsugune a bakin ƙofa ina nazarin yatsun ƙafata kamar ranar aka ba ni su. Muryarta kawai na ji, wata 'yar dusasshiya mai sanyi, ta ce, "Lafiya lau. A gaida mutanen gida." Sunanta ma ban sani ba. Ramlatu "Inna" take ce mata, Alhaji kuma "uwar yaran nan", ni kuwa ko a zuciya ban taɓa neman sanin sunan yankanta ba, don nemansa ma rashin kunya ne. Ita kam ta san ni sarai. Ashe ta sha leƙena ta tagar kicin ina faka babur ina gyara hula.

Da aka zo raba mu unguwanni, ni da kaina na roƙi shef ɗinmu, wato shugabanmu na ofis, ya tura ni Pumpumre. Na ce masa na san mutanen wurin, zan iya da su. Gaskiyar magana, so nake labari ya shiga gidan su Ramlatu cewa an ga yaron nan a bakin aiki da falmaran, jama'a na layi a gabansa. A lissafina, Hajiya na jin haka za ta ce a kawo kalanda.

Abokiyar aikina sunanta Madalen, Kirista ce 'yar Mora, daga mutanen kan dutse. Ta girme ni, tana da 'ya'yanta, Hausa da Fulatanci duk a bakinta suke. Mun raba aiki: ni nake bugawa a kwamfuta in ɗauki hoto, ita take kama hannun mata ta ɗora a gilashi, don ba kowace matar aure ce za ta yarda namiji ya riƙe mata yatsa ba. "Peti" take kirana, wai ƙaramin yaro, kuma a gaban mutane. Ta sha ce mini, "Peti, rage murya, nan ba kotu ba ne." Ni kuma in ce mata aikin hukuma sai da kwarjini.

Ranar da abin ya faru, mun kafa tebur a gindin wata darbejiya kusa da ƙofar gidan jawro, mai unguwa ke nan. Bazara ce, zafin Garwa irin wanda ko inuwa ba ta ceton mutum. Jawro ya sa an yi shela kowa ya fito, sai ga mata sun yi dafifi. Aka kuma yi rashin sa'a an gama biki a unguwar, kusan kowace hannunta ya sha lalle har ya yi baƙi. Shi kuwa gilashin nan ba ya shiri da lalle. In ya karɓi yatsa sai ya yi kore, in ya ƙi sai ya yi ja, kuma tun safe ja yake yi. Ga shef ya kira yana faɗa wai mu ne na baya a yawan mutanen da aka rubuta. Kafin azahar na riga na yi wa mata huɗuba a kan illar lalle ga dimokuraɗiyya. Na kori wata tsohuwa na ce ta je ta wanke hannu ta sake bin layi daga farko. Wata kuma ta tambaye ni ko hoton zai fito da kyau, na ce mata kyamara ba ta gyara abin da Allah ya riga ya yi. Mutane na ɗan darawa, ni kuma na ɗauka burge su nake yi.

Ana cikin haka batirin kit ya fara kuka. Madalen ta ɗauki ɗayan batirin, wanda shi ma ya riga ya mutu, ta tare mai babur za ta kai caji wani shago a bakin titi. Kafin ta hau ta ce, "Peti, ka yi maza kawai, mata su jira ni." Na ce to. Tana ba da baya na dubi layin maza, 'yan tsofaffi ne ƙalilan, na dubi na mata, ya miƙe har bayan masallaci. Na tuna muryar shef. Na ce a raina, ni da na je har jami'a, ɗora yatsa a gilashi ne zai gagare ni? Na buga tebur na fuskanci layin mata na ce, "Suivant!"

Mata biyu suka matso. Ɗaya gajeriya ce tana taunar goro, daga baya na san sunanta Iya Asabe, maƙwabciyar su Ramlatu. Ɗayar doguwa, dattijuwa, cikin mayafi ruwan toka mai tsada, ta ja shi har ya kusa rufe mata hanci. Na lura tana jan ƙafa, gajeriyar na tura ta daga baya. (Yanzu na san abin da ya faru. Sai da suka shiga tsakiyar layi ta gane wanda ke zaune a teburin, ga jama'a a bayanta, juyawa kuma ya zama abin magana.) Ta zauna a bakin kujera, ta juya mini kafaɗa, ta fuskanci gindin darbejiya. Mai karatu ya riga ya gane ko wace ce. A duk faɗin Pumpumre ni kaɗai ne ban gane ba.

Iya Asabe ta miƙo mini katin shaidar doguwar. Na duba sunan, bai ce mini komai ba, suna ne da in ka kira shi a kasuwar Garwa rabin mata za su waiwayo. Ba zan rubuta shi a nan ba. Na riga na faɗe shi da ƙarfi sau ɗaya a rayuwata, har da na mahaifinta, a gaban unguwa guda, ya isa haka.

Na ce, "Ke ce mai wannan sunan?"

Ta ci gaba da kallon gindin darbejiya.

"Madam, tambayarki nake yi."

Iya Asabe ta matso ta ce, "Ita ce, ɗan nan. Amma ka ga, tsaya in faɗa maka wata magana."

Na ce, "Iya, ba ke nake tambaya ba. In layinki ya zo za ki yi magana har ki gaji."

"A'a, ai maganar ta shafe ka ne, don wannan da kake gani..."

"Iya! Ko ki yi shiru, ko ki koma baya."

Ta riƙe haɓa ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "To. Allah ya ba ka haƙuri." Ta ja gefe ta gyara tsayuwa ta ci gaba da taunar goronta, da fuskar wadda ta samu wuri mai kyau a gidan kallo.

Na juya kyamara. Dokar hoto a fili take: fuska a miƙe, ido a buɗe, goshi da haɓa a waje. Na ce, "Madam, ki dube ni." Ta ƙara sunkuyar da kai. Na ce ƙila ba ta jin Hausa ne, sai na juya harshe zuwa Fulatanci: "Daada, laaram." Ko gezau. Na koma Faransanci: "Regardez-moi, madame!" Sai ma ta ƙara jan mayafi. Daga nan na yanke hukunci, da karatuna da jami'ata, cewa baiwar Allah kurma ce. Na tashi na zagayo gabanta, na duƙa daidai fuskarta, na nuna idanuna da yatsu biyu, na nuna nata, ina wangale baki ina cewa, "Ki. Du. Be. Ni." Ta juya hagu, na bi ta hagu. Ta juya dama, na bi ta dama. Muka yi ta zagaye kamar kaza da mai son kama ta.

Layin mata ya yi tsit. Wannan shirun ya kamata ya faɗa mini wani abu, don tun safe bakinsu bai huta ba. Ni kuwa na ɗauka kwarjini ne ya fara aiki. Har na miƙe na gyara falmaran na yi musu jawabi. Na ce irin wannan ƙauyancin ne ya hana mu ci gaba, mutum ya zo gaban hukuma yana noƙe-noƙe. Sannan na juya gare ta, na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, na ce, "Haba Hajiya! Ni ba surukinki ba ne da za ki riƙa jin kunyata!"

Wallahi haka na ce. Iya Asabe ta ƙware da goro, sai da wata ta bubbuga mata baya.

Na ce to, a bar hoton tukuna, a yi yatsu. Na koma mazaunina na tura mata gilashi. Ta zaro hannu a hankali ta cikin mayafi, ba tare da ta waiwayo ba, ta ɗora babban yatsa can a gefe. Ja. Na ce ta danna da kyau. Ja. Ga lalle baƙi ƙirin, ga yatsan a bushe. To, akwai wata dabara da Madalen ta koya mini: in yatsa ya bushe, sai mai shi ya goga a goshinsa ya ɗan samu maiƙo, nan da nan injin ya karanta. Na yi mata nuni da hannu ta goga a goshi. Ba ta motsa ba. Batir na kuka, zufa na shiga mini ido, layi na kallona. Sai kawai na cafki hannunta. Na dubi goshinta, mayafi ya rufe shi ruf. Na ce a raina, ai goshi goshi ne. Na ɗaga babban yatsanta na kai nawa goshin, wanda a lokacin yake tsiyayar zufa, na goga sosai, hagu da dama, ban yi rowa ba. Sannan na danna shi a gilashi. Ya yi kore. Na ɗaga kai na dubi jama'a cikin alfahari, hannunta har yanzu a cikin nawa, na ce, "Voilà!"

A nan ne ta yi magana, kuma ba da ni ba. Ta fuskanci maƙwabciyarta, da wata 'yar dusasshiyar murya mai sanyi ta ce, "Asabe, ki ce masa ya sakar mini hannu."

Na san muryar nan. Kafin kaina ya gama tuna inda na san ta, gwiwoyina sun riga sun tuna. Iya Asabe ta haɗiye sauran goronta, ta goge baki da gefen zane, ba ta ko sauri, ta ce, "Yanzu layina ya zo, ɗan nan? To uwar Ramlatu ce."

Ban san lokacin da na saki hannun ba. Ban san lokacin da na tuɓe takalma ba. Na dai tsinci kaina a tsugune a ƙarƙashin tebur, a tsakanin wayoyin kit, baji na lilo a wuyana, ina cewa, "Ina wuni, Inna. An wuni lafiya? Ya gida? Ya zafi?" Sai ka ce yanzu ta iso. Ita kuma, Allah ya saka mata da alheri, ta amsa wa gindin darbejiya, "Lafiya lau." Nan fa layin mata ya fashe. Wasu har da zama a ƙasa. Wani tsoho a layin maza ya tambaya me aka yi, aka ba shi labari da Fulatanci, ya kama dariya, ya juya yana ba na bayansa. Ina ƙarƙashin tebur ina jin labarina yana tafiya har bayan masallaci.

Abin takaicin, rajistar ba ta ƙare ba. Katinta na kan tebur, kwamfuta na jiran hoto, ita ba za ta iya tashi ba, ni ba zan iya fitowa ba. Na ce bari in yi ƙoƙari. Na zura hannu sama ina lalube, ba tare da na ɗago kai ba, na danna abin ɗaukar hoto. An ce mini hoton ya fito tas, reshen darbejiya ne da rabin kan Iya Asabe.

A haka Madalen ta dawo ta same mu. Ta sauke batir ta leƙo ta ce, "Peti, me ka jefar?" Iya Asabe ta ba ta labarin a taƙaice, amma ba ta tsallake goshi ba. Madalen ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina gode mata. Ta zauna a kujerata ta ce, "Sannu Mama, yi haƙuri, kalli nan." Hajiya kuwa ta ɗage mayafi ta dubi kyamara, ta ba da sauran yatsu, nan da nan aka gama. Ni dai ƙafafu kawai nake gani. Sai da na ga takalmansu sun yi nisa, sannan Madalen ta taɓa ni da ƙafa ta ce, "Fito. Na ce maka maza kawai." Na fito na zauna, gwiwoyina duk ƙasa, ga matan nan dai su ne a gabana, kowace na danne dariya da bakin mayafi. Na buɗe baki zan ce "Suivant", sai na ji abin da ya fito shi ne, "Bismillah, Iya, wa ke gaba?"

Da yamma na yi ta kiran Ramlatu ba ta ɗauka. Da ta ɗauka, ko sallama ba ta amsa ba, ta ce, "Da gaske a goshinka?"

Na ce, "Ramlatu, wallahi ban san ita ba ce."

"A goshinka fa?"

Na kasa gane dariya take yi ko kuka. Ta ce tun da Inna ta dawo ta wanke hannu ta shiga ɗaki, ba ta ce wa kowa uffan ba, kuma in Inna ta yi irin wannan shirun, gara a ce ta yi faɗa. Ta ƙara da cewa mai babbar mota ya dawo daga Ngaundere, doya na nan jibge a zaure. Ba sai ta faɗi wannan ba, amma ta faɗa.

Washegari na je na sami Kawuna. Ya riga ya ji, a masallaci aka ba shi labari. Ya sayi goro ya nufi Pumpumre ban haƙuri, ni kuma na yi ta jaddada masa abu ɗaya: ya tabbatar an gaya mata ban san ita ba ce, da na sani ko kusa ba zan yi ba. A ganina wannan hujja ce da ba ta da amsa.

Da Kawu ya dawo, ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce Alhaji ya yi dariya har da hawaye, sannan ya shiga cikin gida da saƙon, ya daɗe, ya fito ba dariya. Na ce, "Kawu, an gaya mata ban gane ta ba?"

Ya ce, "An gaya mata. Ta ce ta sani, kuma ba ta riƙe ka da wannan ba, tunda ba ka taɓa ganinta ba. Ta ce ma gara da ba ka gane ta ba, don da ka gane ta ka yi mata ladabi, da ta koma gida ba ta san komai a kanka ba. Ta ce tun tana layi take kallonka. Ta ga tsohuwar da ka kora, ta ji abin da ka gaya wa mai tambayar hoto. Ta ce waɗannan ma ai iyayen wasu ne." Ya juya hular. "Ta ce yanzu ta ga mutum biyu, mai tsuguno a ƙarƙashin tebur da mai buga tebur. Ta ce ita tsoronta, in aure ya kwana biyu, mai buga tebur ɗin ne ke zama a gida."

Wannan magana ta fi dariyar layi zafi. Dariyar layi a fuska ta tsaya, wannan kuwa ta shige har ciki. Ranar na ji tsoro na gaske cewa na rasa Ramlatu, kuma na duba ko'ina ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba. Ga hujjar da na yi ta taƙama da ita, ashe ita ce ta kashe ni.

Amma ba ta ce a'a ba. Ta ce a bar maganar sa rana sai an rufe rajista da damina. Na so in roƙi shef ya mayar da ni wata unguwa, ko can garin Colire mai nisa ne ma zan tafi, Kawu ya ce in na gudu daga Pumpumre to in san na gudu daga auren. Dole na ci gaba da kafa tebur a gindin darbejiyar nan, inda yara ke wucewa suna goga yatsa a goshi suna gaishe ni. Iya Asabe kuma ta biyo wata rana, ta tsaya ta ce, kamar da kanta take magana, "Hajiya dai Allah ya yi ta da ƙawaye, kuma yawancinsu ba su yi rajista ba." Ta wuce abinta.

Daga ranar na shiga uku. Duk tsohuwar da ta zauna a gabana sai in ce wannan 'yar aike ce. In miƙe in gaishe ta, in tambayi gida da jikoki da ciwon ƙafa, in sa a kawo mata ruwa. Mai lalle in ce mata lallen ya yi kyau, injin ne ba shi da tarbiyya. Wadda ta tambayi hoto in ce ai ko a Yawunde ba a ɗauki irinsa ba. Na zama ma'aikacin da ya fi kowa nawa a duk Garwa. Shef ya zo da kansa ya tsaya yana kallona ina raka wata tsohuwa har bakin titi, ya ce, "Wai rajista kake yi ko gaisuwar sallah?" Saura ƙiris ya sallame ni, Madalen ce ta tsaya mini. Da farko don tsoro nake yi, ba zan ɓoye ba. Daga baya kuma na lura kaina ya daina ciwo da yamma, kuma tsofaffin nan suna da labarai masu daɗi in ka bar su suka yi magana.

Da aka rufe rajista, mu ne dai na ƙarshe a yawan mutane. Ba a yi mako ba Alhaji ya aika wa Kawu ya zo a sa rana. Bayan biki na tambayi Ramlatu, a cikin tsofaffin nan su wane ne Inna ta riƙa turowa. Ta ce, "Wa ya ce maka ta tura wani? Pumpumre ce fa. Ko atishawa ka yi a gindin bishiyar nan, kafin ka ce alhamdu lillahi an faɗa mata."

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne. Har yau ina wannan aikin, don daga baya ya zama na dindindin, kuma duk dattijuwar da ta zauna a gabana, na san ta ko ban san ta ba, surukata nake ɗaukarta har ta tashi. Na taɓa gaya wa Ramlatu haka, ina jiran ta yaba mini. Ta ɗago daga tsintar shinkafa ta dube ni ta ce, "Madalla. Ka ɗauke su surukai yadda kake so. Amma ranar da na ji ka tambayi wata ko tana da 'ya, ranar za ka san ni ma 'yar Inna ce."